Tambaya da Amsa: Fatsar Jabun Ƙwaro a Rafukan Tsaunukan Alps

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun karkata ne ga wani nau'in kamun kifi da hotunansa ke yawo a wayoyin jama'a, wato wanda ake yi da jabun ƙwaro a rafukan tsaunukan Turai. Mun zaɓi guda shida, mun rage tsawon waɗanda suka yi yawa, sannan mun sakaya sunayen masu su kamar yadda aka saba.

Tambaya: Ni masunci ne, su na gada daga mahaifina, kuma a bakin ruwa na tsufa. Jikana ya nuna mini wani Bature a waya yana tsaye cikin rafi har gwiwa, yana kaɗa doguwar igiya a sama, da ya sauke ta sai ga kifi. Yaron ya ce wai babu koto a ƙugiyar, gashin tsuntsu ne kawai. Ko dai dabarar masu haɗa hoto ce?
Daga wani dattijo a Yawuri.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Jikan naku gaskiya ya faɗa muku, babu tana, babu ƙullun dusa, babu wani abu mai ƙamshi a jikin ƙugiyar. Ina kuma ganin ku ne za ku riga kowa gane sirrin, domin kun sha ganin abin da ke faruwa a farkon damina idan shinge ya tashi da almuru ya zubo a kan ruwa, ƙananan kifaye suka taso suna cafkarsa ɗaya bayan ɗaya. A rafukan tsaunukan Alps, waɗanda suka ratsa ƙasashe 8 tun daga Faransa har Silobeniya, ƙwari su ne babban abincin kifi. Ruwan can yana da sanyi da gudu, ƙasansa tsakuwa ce da duwatsu, babu laka ko ciyawar kirki, saboda haka kifin da ake kira tirawut yakan sami wuri ya tsaya, kansa na fuskantar inda ruwa ke fitowa, ya jira abin da za a kawo masa. Duk abin da ya zo wucewa sai ya dube shi, in ya yi masa kama da abinci ya kai baki, in ya ji ba shi ba ne ya tofar nan take. Da ido yake farauta fiye da hanci, kuma ta wannan ƙofa mai fatsa ke shigar masa.

Wanda ya ƙware a harkar, abin da yake fara yi idan ya isa bakin rafi shi ne ya tsoma hannu ya ɗago dutse ya juya shi. A ƙarƙashin dutsen zai tarar da 'ya'yan ƙwari suna gudun ɓuya daga haske. Akwai mai shimfiɗaɗɗen jiki da jela uku siri-siri, wanda in ya girma zai taso saman ruwa, ya tsaga fatarsa ya fito da fikafikai a miƙe tsaye, ba zai ƙara cin komai ba har ya yi ƙwai ya mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. Akwai tsutsar da ke gina wa kanta ɗan gida da ƙwayoyin yashi da ɓarɓashin itace, tana jan sa duk inda za ta, kanta da ƙafafunta kawai ke leƙowa. Akwai kuma mai jela biyu, wanda kan yi shekara ɗaya zuwa uku a ruwa kafin ya rarrafo kan dutse ya yi saɓa ya bar busasshiyar rigarsa manne a wurin. Girman abin da ya gani da launinsa su ne ke gaya wa mai fatsa wanda zai ciro daga cikin ɗan akwatinsa.

Shi jabun ƙwaron da hannu ake ɗaure shi. Ana matse ƙugiya a bakin wani ɗan awartaki da aka kafe a tebur, a naɗa mata zare tun daga ido har wajen lanƙwasa, a ɗaura 'yan silayen gashi biyar ko shida su zama jela, a murza gashin zomo a jikin zaren a naɗe shi ya zama ciki, sannan a ɗauki siririn gashin wuyan zakara a zagaya shi sau uku ko huɗu kusa da kai. Da an zagaya shi sai silayensa su miƙe ta kowane gefe, su ne kuwa ke riƙe ƙugiyar a saman ruwa ba ta nutse ba. A yankin Jura na Siwizalan, wajen shekarun 1920, masu fatsa sun gano cewa gashin da ke kewaye da wurin da agwagwa ke tatsar man shafe jikinta, can saman gindin jela, ya fi kowane gashi iyo, kuma har yau ana ji da shi. Idan kuwa kifi a ƙasa yake cin abinci, wanda shi ne ya fi yawa, sai a sa wa ƙugiyar ɗan ƙwallon tagulla ko na ƙarfen tangistan a ka domin ta nutse ta bi ƙasan rafi kamar ɗan ƙwaron da ruwa ya ɓamɓaro daga dutse.

Dabarar kuma ba ta yau ba ce. Wani marubucin Rumawa mai suna Aelian, wanda ya rayu wajen shekara ta 200 miladiyya, ya ba da labarin mutanen Makidoniya da ke naɗa jan ulu a ƙugiya, su haɗa da gashi biyu daga wuyan zakara, su kama wani kifi mai ɗigo-ɗigo a jiki.

Tambaya: Ina karatun injiniya, kuma abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda ake jefa abin da ba shi da nauyi. A fatsar da muka sani, dalma ko koto ne ke jan zare ya tafi. Gashin tsuntsu kuwa ko da ƙarfin tsiya aka wurga shi ba zai wuce taku biyu ba.
Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Malam ɗalibi, lissafinka daidai ne, shi ya sa aka juya shi. A nan igiya ce ke da nauyi, ita ake jefawa, ƙwaron kuwa fasinja ne. Igiyar tana da kauri, an lulluɓe ta da roba mai sa ta iyo, kuma ana ba ta lamba gwargwadon nauyin ƙafa 30 na farkonta, wato kimanin mita 9. Mai lamba 3 tana da nauyin giram 6 da rabi a wannan tsawo, mai lamba 5 kuwa giram 9, kuma tsakanin waɗannan lambobi ne masu bin rafukan dutse suka fi zaɓa. A ƙarshenta ana ƙulla wani zaren leda mai haske, tsawonsa mita biyu da rabi zuwa uku da rabi, wanda ke sirancewa a hankali har bakinsa ya koma kamar milimita 0.14, domin kada kifi ya ga mahaɗin ƙwaro da igiya.

Sandar, wadda yanzu da zaren kabon ake yin ta, takan kai ƙafa 7 zuwa 9. Idan aka ɗaga ta da sauri mai ƙaruwa, nauyin igiya zai lanƙwasa ta, da an tsayar da hannu cak sai ta miƙe ta tura igiyar baya, igiyar ta riƙa warwarewa a iska cikin siffar lanƙwasa mai tafiya har ta miƙe sosai. A wannan ɗan lokaci ne ake jira, kuma a nan ne sabon shiga ke faɗuwa. In ya yi gaggawar dawo da hannu gaba, zai ji ƙara kamar ta bulala, ya duba ya ga ƙwaron ya tsinke ya tafi. In ya yi jinkiri, igiyar ta faɗi ta sarƙe a reshe. Ƙarfin damtse ba ya ƙara komai a nan, sanin lokacin tsayawa ne kawai.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Dogon jifan da ake nunawa a hotuna domin burge masu kallo ba shi da amfani sosai a rafin dutse, inda mita biyar zuwa takwas ta wadatar. Babbar matsala ita ce ruwan ba gudu ɗaya yake yi ba. Tsakanin mai fatsa da kifi za a iya samun layin ruwa uku, wannan yana gudu, wancan yana tafiya a hankali, na bayan dutse ma juyawa yake yi. Idan igiya ta kwanta a kan mai gudun, zai ja ta, ita kuma ta ja ƙwaron ya riƙa tsaga saman ruwa, abin da ƙwaron gaskiya da ruwa ya ɗauko ba ya yi, kuma ko ƙaramin kifi yakan gane haka ya ƙi tasowa. Saboda haka mai fatsa yakan tunkaro daga gangare, ta bayan kifi, yana sunkuye, ba ya barin inuwarsa ta faɗa kan gurbin. Sai ya ɗaga sanda sama yadda igiya ba za ta taɓa ruwa ba, ya sauke ƙwaron a ɗan kwantaccen ruwan da ke bayan wani dutse, wurin da faɗinsa bai fi na tire ba, ko kuma a kan layin kumfa inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai tafiya a hankali. Ƙwaron zai yi daƙiƙa biyu ko uku a wurin. In akwai kifi, za a ga walƙiyar gefen cikinsa, ƙwaron ya ɓace, mai fatsa ya ɗaga hannu kaɗan domin ƙugiya ta kama. In babu, ya ƙara jifa ɗaya ko biyu ya matsa zuwa dutse na gaba. Wani sauƙi da rafukan can sama ke da shi shi ne abinci ya yi musu ƙaranci, don haka kifinsu ba shi da tsirfa irin ta na manyan koguna masu yalwa, matuƙar dai bai ga mutum ba.

Tambaya: Ina koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata. Ɗalibaina sun tambaye ni dalilin da ya sa kullum a tsaunuka masu ƙanƙara ake nuna wannan kifi. Ba zai rayu a gulbi irin namu ba ne?
Daga wata malama a Maraɗi.

Amsa: Malama, ba zai rayu ba, kuma dalilin darasi ne mai kyau ga aji. Gwargwadon sanyin ruwa, gwargwadon iskar oksijin da yake iya riƙewa. Lita ɗaya ta ruwa mai zafin digiri 10 a ma'aunin Salsiyas tana ɗaukar kimanin miligiram 11 na oksijin, a digiri 30 kuwa ba ta kai miligiram 8 ba. A lokaci guda, jikin kifi yana bin zafin ruwan da yake ciki, don haka da ruwa ya ɗumama sai buƙatarsa ta iska ta ƙaru a daidai lokacin da iskar ke raguwa. Tarwaɗa ta tsira daga wannan tarko domin tana da gaɓar da take shaƙar iska daga sama, karfasa kuma tana da juriya. Tirawut ba shi da ko ɗaya. Ya fi walwala tsakanin digiri 10 da 16, yakan fara galabaita idan ruwa ya doshi digiri 20, kuma wajen digiri 25 mutuwa ce. Rafin dutse yana ba shi abin da yake so ta hanya biyu, ga sanyin da ke zuwa daga narkewar ƙanƙara da idanun ruwa, ga kuma faɗowar ruwa a kan duwatsu da ke cusa masa iska ba dare ba rana. Ƙwansa ma a cikin tsakuwa yake kwana. Tsakanin Oktoba da Disamba macen kan share wuri da jelarta, ta zuba ƙwai ta rufe, ruwan sanyi ya yi ta ratsa tsakuwar har su ƙyanƙyashe bayan watanni. Laka kaɗan in ta toshe tsakuwar, ƙwan ya shaƙe.

Yana da kyau ɗalibanki su san cewa wannan sanyi yanzu yana cikin haɗari. Daskararriyar ƙanƙarar tsaunukan Siwizalan ta rasa kimanin kashi 10 cikin 100 na girmanta a shekaru biyu kacal, 2022 da 2023. A lokacin zafin 2003, haka kuma a na 2018 lokacin da ruwan kogin Rayin ya haura digiri 27 a yankin Shafhawzan na Siwizalan, an kwashi gawarwakin wani kifi mai dogon fiffiken baya da ake kira gireling, ɗan'uwan tirawut ne da shi ma ba ya jure zafi. Akwai kuma wata cutar ƙoda da ke kashe 'ya'yan tirawut, wadda takan tsananta idan ruwa ya daɗe sama da digiri 15. Shi ya sa a yau za ki ga mai fatsa da ma'aunin zafi rataye a rigarsa, in ya auna ya ga ruwa ya kusa digiri 19 ko 20 sai ya naɗe igiyarsa, ko ya hau can sama inda ruwan bai ɗumama ba.

Tambaya: A gafarce ni, amma ni ina ganin wannan wasan masu kuɗi ne. Mutum ya sayi kaya masu tsada, ya wuni cikin ruwan sanyi, ya kama kifi, sannan ya mai da shi ruwa. Ina amfanin wahalar?
Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

Amsa: Alhaji, akwai gaskiya a rabin maganarka. Kayan zamani suna da tsada, izinin yini ɗaya a shahararrun koguna ma ba abin wasa ba ne, kuma a Ingila an daɗe ana kallon wannan fatsa a matsayin nishaɗin masu hali. Amma a tsaunuka asalinta na talakawa ne. A kwarin Balsesiya da ke arewacin Italiya, a gindin dutsen Monte Rosa, mutanen ƙauye sun daɗe suna kamun kifi a kogin Sesiya da doguwar sanda, da igiyar da suka tufka da gashin jelar doki, da ƙwari uku ko huɗu na siliki da gashin tsuntsayen daji, ba tare da faifan naɗe igiya ba. A tsaunukan Japan ma akwai irin wannan, sunanta tenkara, kuma masu yin ta a da masunta ne da ke sayar da kifin domin ciyar da iyali. Abin da ya kai su ga jabun ƙwaro lissafi ne irin na kasuwa, domin koto sai an nema, sai an sake sa shi bayan kowane kifi, ƙwaron gashi kuwa guda ɗaya zai kama da yawa kafin ya lalace.

Batun sakin kifi kuwa su kansu Turawan ba su daidaita a kai ba. Masu goyon baya suna cewa ƙaramin rafi ba ya ɗaukar kifi da yawa, kuma a ruwan sanyi mai ƙarancin abinci kifi yakan yi shekara uku ko fiye kafin ya isa yin ƙwai, saboda haka in kowane baƙo ya tafi da biyar, kafin shekara ta zagayo rafin ya zama kango. A Silobeniya da sassan Italiya da Ostiriya akwai wuraren da doka ta ce duk abin da aka kama a sake shi. Siwizalan kuwa ta bi wata hanya daban, domin tun 2008 dokarta ta kare dabbobi ta hana mutum fita fatsa da niyyar sakin abin da zai kama, bisa hujjar cewa wahalar da dabba don nishaɗi kawai bai dace ba. A can, wanda bai kai girman da doka ta yanka ba dole a mai da shi, kuma mafi ƙarancin wannan girma ga tirawut na rafi shi ne santimita 22, jihohi kuma suna iya ƙarawa. Wanda aka ɗauka domin ci kuwa dole a kashe shi nan take, ba a barin sa yana shure-shure a jaka. Jamus ma ra'ayinta ya fi kusa da wannan.

A ganina hujjar Siwizalan ba abin rainawa ba ce, kuma ta fi kusa da yadda mutanenmu ke kallon dabba. Wanda ya kama biyu ya kai gida aka ci, ya naɗe igiyarsa, bai fi wanda ya soki bakin kifi talatin ya sake su laifi ba. Inda doka ta ce a saki, to, akwai ladabinsa: a yi amfani da ƙugiya marar kunne, a jawo kifi da wuri kada ya galabaita, a jiƙa hannu kafin a taɓa shi domin kada a goge yauƙin da ke kare fatarsa, a cire ƙugiyar yana cikin ruwa. Masu ɗaga shi sama suna gyara tsayuwa domin hoto su ne suka fi ɓata wa harkar suna.

Tambaya: Ni ɗan zangon Kumasi ne, ina aiki a wata masana'anta a Bireshiya. Duwatsun suna kusa da mu, kuma ina sha'awar gwadawa ranar hutu. Ta ina zan fara?
Daga wani ɗan'uwa a Italiya.

Amsa: Ɗan'uwa, ka fara da takarda kafin sanda. A Turai kusan babu ruwan da ba shi da mai kula da shi, kuma fatsa ba izini laifi ne da ke jawo tara, abin da baƙo mai zaman aiki ba ya buƙata. A Italiya akwai lasin mai harafin B na masu fatsar nishaɗi, wanda ake biya wa hukumar yanki, sannan a wurare da dama sai ka ƙara da izinin ƙungiyar da ke riƙe da wannan sashe na kogi. Lardunan Tirento da Bolzano suna da nasu tsarin daban, haka ma in ka tsallaka Ostiriya kowace jiha da dokarta. Shagon kayan fatsa na garin da ke bakin kogin shi ne wurin tambaya, su za su gaya maka ranar buɗewa da ta rufewa, da girman da aka yarda a ɗauka. Galibi ana rufe kamun tirawut daga wajen Oktoba har ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris saboda lokacin ƙwai.

Kogin Oliyo a kwarin Kamonika yana arewa da kai, Adda kuma yana kwarin Baltelina. A Mayu da Yuni dusar ƙanƙara na narkewa, ruwa yakan cika ya yi ƙarfi, don haka daga Yuli zuwa Satumba ne ƙananan rafuka suka fi daɗi. Wanda ke fitowa kai tsaye daga daskararriyar ƙanƙara yakan yi garau da safe, da rana ta take sai ya ƙaru ya koma fari-fari saboda garin dutse, saboda haka sammako ya fi. Sanda ɗaya mai lamba 3 ko 4, da ƙwari iri biyar ko shida, da ƙaramar koma, da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa wanda zai kuma kare maka ido daga ƙugiya, sun isa mafari.

Abu ɗaya nake so ka riƙe da kyau. Yawancin kogunan Alps akwai madatsun lantarki a samansu, kuma idan buƙatar wuta ta tashi sukan saki ruwa ba tare da la'akari da yanayin sama ba, ta yadda kogin da ke iya idon sawu zai iya kai ƙugu cikin mintuna, rana na haskawa. Za ka ga allunan gargaɗi a bakin ruwa, kada ka ɗauke su ado. Ka sa ido a kan wani dutse da ke leƙowa, in ka ga ruwa ya fara rufe shi ko ganyaye sun fara zuwa da yawa, ka fita ta gaɓar da ta fi kusa. In ka sa dogon wandon roba, ka ɗaure shi tamau a ƙugu domin kada ya cika da ruwa in ka zame. Hadarin la'asar kuma yakan taso da sauri a duwatsu, sandar kabon kuwa tana ɗaukar lantarki, don haka da ka ji tsawa ka kwantar da ita.

Tambaya: Mu a nan muna da sanyi da rafuka masu gudu duk shekara. Me zai hana a kawo irin wannan kifi a zuba, mu ma baƙi su riƙa zuwa?
Daga wani malamin gona a Gembu.

Amsa: Malam, an taɓa yin haka a Afirka. A 1905 Turawan mulki sun zuba tirawut a kogin Gura da ke tsaunukan Abadiya a Kenya, an kuma kai shi Lesoto da Afirka ta Kudu da tsaunukan Bale na Habasha. Kenya ta ci riba ta wata fuska da ba a zata ba, domin a yau tana cikin ƙasashen da ke ɗaure jabun ƙwari da hannu suna sayar wa Turai da Amurka. Amma rafukan tirawut na Kenya galibi suna wajen mita 2,000 ne ko sama da haka, tudun Mambila kuwa matsakaicin tsayinsa kimanin mita 1,600 ne, ko da yake ƙololuwar Chappal Waddi ta kai mita 2,419. Sanyin da mutum ke ji a jikinsa da asuba ba shi ne ma'auni ba, zafin ruwa da tsakar rana a watan Maris shi ne ma'auni, musamman a rafin da ya ratsa fili babu inuwa.

Ko da ruwan ya dace, ba zan ba da shawarar a zuba ba, kuma hujjata daga Alps ɗin take. A kogin Soca na Silobeniya, mai tsawon kilomita 138, akwai wani tirawut na asali da Italiyawa ke kira marmorata, mai zane a jiki kamar an yi masa rubutu, wanda kan haura mita ɗaya. A farkon ƙarni na 20 aka fara zuba masa tirawut na wasu koguna domin a ƙara yawan kifi, sai suka yi ta barbara da juna har tsantsar irin ya kusa ɓacewa. Da aka tashi ceto shi a 1993, a wasu ƙananan rafuka takwas kawai aka sami wanda bai gauraya ba, can saman magangarun ruwa inda baƙon kifi ya kasa hawa. Ƙungiyar masu fatsa ta garin Tolmin da masana suka riƙa ƙyanƙyasar waɗannan suna mayarwa, aka kuma hana zuba baƙon tun 1996, kuma har yanzu aikin bai ƙare ba. Wannan fa tsakanin 'yan'uwa ke nan. A Lesoto, tirawut ya kore wani ɗan ƙaramin kifi na tsaunukan Maloti daga yawancin mazauninsa. Giwan ruwa ma da muke alfahari da shi, da aka zuba shi a tafkin Biktoriya a shekarun 1950, yana cikin dalilan ɓacewar ire-iren ƙananan kifaye kusan 200. Kifin da aka zuba a rafi ba ya kwasuwa.

Dabarar ita ce abin ɗauka, domin kifayenmu ma suna cin jabun ƙwaro. A kogin Faro na arewacin Kamaru, wanda ke zuba a Binuwai, baƙi na zuwa da rani daga ƙasashe masu nisa suna kama tsage da rana, giwan ruwa kuma bayan faɗuwar rana, duk da wannan fatsa. Kogunan da ke gangarowa ta gandun dajin Gashaka Gumti, a ƙasanku kaɗan, suna da waɗannan kifaye, sai dai shiga gandun da fatsa yana buƙatar izinin hukumarsa. Kayan ne za su canza. Giwan ruwa yana son sanda mai lamba 10 zuwa 12 da babban jabu mai siffar ƙaramin kifi, tsawon tafin hannu ko fiye, wanda ake ja a hankali cikin gurbi mai zurfi. Kawara da karfasa kuwa sukan ɗauki ƙanana, kuma gashin zabo da na zakara da ake zubarwa a kasuwar kaji sun isa a ɗaure su. Wanda zai nemi tsage ya ƙulla ɗan guntun waya mai tsawon yatsa tsakanin ƙwaro da zare, domin haƙoransa suna datse zaren leda a cafka ɗaya.